Yadda ake auna damar samun gurbi a tsangayoyin kasuwanci na manyan jami'o'in gwamnati a Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi bayani kan wata tambaya da iyaye da ɗalibai ke yawan yi duk shekara daga Agusta zuwa Nuwamba, lokacin cike takardun neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka. Za ka ji ana cewa, yaro mai maki kaza da kaza, anya zai samu tsangayar kasuwanci ta Mishigan ko ta Berkeley ko ta Teksas? Wanda aka tambaya sai ya leƙa intanet, ya ga an rubuta cewa jami'ar tana ɗaukar kashi kaza cikin ɗari na masu nema, ya ce to ga amsarka nan. Wannan adadin kuwa ba na kowa ba ne. An zuba mutane iri-iri ne wuri ɗaya aka raba, alhali kowane rukuni da layinsa, kuma layukan ba tsawonsu ɗaya ba.

Abu na farko da ke wargaza wannan adadi shi ne jihar da mai nema yake zaune. Jami'ar gwamnati a Amurka ta jiha ce, harajin mutanen jihar ne ya gina ta, saboda haka 'ya'yansu ne a gaba. A Jami'ar Teksas da ke Austin, doka ta tanadi kashi 90 cikin ɗari na guraben sabbin ɗalibai ga 'yan jihar, ragowar kashi 10 kuma a kansa 'yan sauran jihohi da 'yan ƙasashen waje suke kokawa. A Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, baƙi ba sa wuce kashi 18 na sabbin shiga. Jami'ar Bajiniya tana riƙe kusan biyu bisa uku ga 'yan gida. A Kalifoniya ma majalisar jihar ta matsa wa harabobin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Los Angeles da San Diego lamba su rage baƙi zuwa wajen kashi 18. Mishigan ce mai sassauci a cikinsu, don kusan rabin ɗalibanta daga waje suke, amma masu nema daga wajen sun ninka 'yan gida sau da yawa, sai sassaucin ya narke.

Ga misali da alƙaluman da na ƙago domin a ga yadda lissafin yake. A ce mutum 60,000 suka nemi wata jami'a. Daga ciki 15,000 'yan jiha ne, aka ɗauki 6,000, wato kashi 40. Sauran 45,000 baƙi ne, aka ɗauki 4,500, wato kashi 10. Jimilla an ɗauki 10,500, sai a wallafa cewa jami'ar tana ɗaukar kashi 17.5. Ɗan jiha ya gani ya tsorata a banza, baƙo ya gani ya saki jiki a banza, domin babu ko mutum ɗaya cikin dubu sittin ɗin da ya tsaya a layin kashi 17.5.

Kuma a lura, zama ɗan jiha ba fasfo ke ba da shi ba. Ana duba inda iyaye suke zaune suna biyan haraji, galibi na aƙalla wata goma sha biyu kafin fara karatu. Yaron da aka haifa a Houston amma iyayensa suna zaune a wata ƙasa, a mafi yawan lokuta baƙo za a lissafa shi. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ta F-1 kuwa, ko ya shekara huɗu a jihar, galibi matsayinsa ba ya canzawa.

Teksas tana da wata doka tun 1997 wadda ta ba duk wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa a sakandaren jihar damar shiga jami'ar gwamnati kai tsaye. Da abin ya yi wa Austin yawa, aka yarje mata ta taƙaita irin wannan ɗauka ga kashi 75 na guraben 'yan jiha, shi ya sa ma'auninta ya sauko zuwa kashi 6, kuma ga masu shiga a 2026 ya koma kashi 5. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dokar tana shigar da yaro jami'a, ba ta shigar da shi McCombs, wato tsangayar kasuwancin. Can sai an sake tantance shi tare da dubban yaran da su ma duk na saman aji ne.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ruɗa mutane, wato ƙofar da ake bi a shiga tsangayar kanta. Tsari biyu ne. Wasu tsangayoyin suna ɗaukar yaro kai tsaye daga sakandare: Ross a Mishigan, Gies a Illinois, McCombs a Austin, Kelley a Indiyana. Haas ta Berkeley ta daɗe tana ɗaukar ɗalibai sai a shekara ta uku, amma daga 2024 ta fara shirin shekara huɗu mai ɗaukar sabbin shiga. Wasu kuma sai ka shiga jami'ar tukuna, ka yi kwasa-kwasan share fage, sannan ka sake nema daga ciki. Haka McIntire ta Bajiniya take yi, haka kuma akasarin ɗaliban Kenan-Flagler ta Chapel Hill suke shiga, ban da 'yan kaɗan da ake yi wa alkawarin gurbi tun daga farko. Los Angeles kuwa ba ta ma da digirin farko na kasuwanci, abin da ya fi kusa da shi a can wani kwas ne na tattalin arziki mai haɗe da kasuwanci. Duk shekara sai an samu waɗanda ba su gano haka ba sai suna tsakiyar cike fom.

Inda ƙofa biyu ce, ninkawa ake yi. Idan damar yaro ta shiga jami'ar kashi 30 ce, kuma rabin masu nema daga ciki ne ke samun tsangayar, to damarsa ta zama ɗalibin kasuwanci a wurin kashi 15 ce, ba 30 ba. Haɗarin ƙofa ta biyu kuma ya fi na farko ciwo, don a lokacin an riga an biya kuɗin shekara guda ko fiye. Abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne kullum. Yaro ya zo zangon farko, bai saba da aji mai mutum ɗari uku ba, bai saba da jarrabawa biyu kacal su yanke makomar kwas ba, sai ya tashi da C a kalkulas, wato lissafi mai zurfi, ko a gabatarwar tattalin arziki. Matsakaicin makinsa ya faɗi, kuma zango biyu ko uku ba su isa a farfaɗo da shi ba kafin ranar nema. Sai ya ƙare a wani sashen da bai taɓa tunani ba. Don haka kafin a karɓi gurbi a irin wannan jami'a, a rubuta wa tsangayar a tambaye ta abu huɗu: mutum nawa suka nema daga ciki bara, nawa aka ɗauka, mene ne matsakaicin makin waɗanda aka ɗauka, kuma sau nawa ake yarda mutum ya gwada. Wasu suna ba da amsa a shafinsu, wasu sai an tambaya. A ra'ayina, gurbin kai tsaye a tsangaya mai matsakaicin suna ya fi alkawarin "ka shigo ka gwada" a tsangaya mai babban suna, musamman ga wanda zai biya kuɗin baƙo.

A inda ake ɗauka kai tsaye ma akwai tambayar da ya kamata a yi: idan tsangayar ta ƙi yaro, jami'ar za ta duba shi a wani sashe, ko shi ke nan? Fom ɗin Illinois, misali, yana da zaɓi na farko da na biyu. Barin gurbin zaɓi na biyu babu komai, ko sanya wani kwas mai wuyar shiga a ciki, zubar da dama ne.

Ina ake samun alƙaluman gaskiya? Kusan kowace jami'a tana wallafa wata takarda duk shekara mai suna Common Data Set. A rubuta sunan jami'ar tare da wannan suna a wurin bincike, a buɗe ta shekarar da ta fi kusa, a je sashen C. A C1 za a ga yawan waɗanda suka nema, waɗanda aka ɗauka, da waɗanda suka zo suka yi rajista. A C2 akwai jerin masu jiran tsammani da yawan waɗanda aka kira daga cikinsu. C7 jadawali ne da jami'ar ke nuna nauyin kowane abu a wurinta, daga "mai matuƙar muhimmanci" zuwa "ba a dubawa": wahalar darussan sakandare, maki, muƙala, takardar shaidar malamai, zama ɗan jiha, da sauransu. C9 na makin SAT da ACT ne, wato jarrabawoyin neman shiga jami'a, C11 kuma na rabe-raben matsakaicin maki. Minti ashirin a kan wannan takarda ya fi awa goma ana sauraron hasashen mutane. Sai dai takardar ta jami'a ce baki ɗaya, har da sashen noma da na waƙe-waƙe. Tsangayar kasuwanci yawanci ta fi jami'ar tsauri, don haka sai an haɗa da bayanin sabon aji da tsangayar ke fitarwa a nata shafin.

Karanta C9 ma sai da lura. Za a ga lambobi kamar 1360 da 1530, an ce su ne kashi 25 da kashi 75. Ma'anarsa, rabin ɗaliban suna tsakanin lambobin biyu, kwata suna ƙasa, kwata suna sama. Mutane sukan ga ɗansu yana da 1370 su ce ai ya shiga ciki. Amma su waye a kwatan ƙasa? Galibi 'yan jiha ne, da 'yan wasanni da aka nemo, da ɗaliban sassan da ba a cika rububinsu ba. Baƙo mai neman kasuwanci ya auna kansa da lambar sama. Sannan a duba layin da ke nuna kashi nawa ne suka miƙa sakamakon jarrabawar. Idan rabi ne kawai, to masu maki mai kyau ne suka miƙa, lambobin sun kumbura. Akwai kuma bambanci tsakanin makin waɗanda aka ɗauka da na waɗanda suka zo. C9 na waɗanda suka zo ne. Na waɗanda aka ɗauka ya fi tsawo, domin da yawa daga cikin zaƙaƙuran kan tafi wani wurin.

Dokar jarrabawar kanta ta bambanta. Jami'o'in Kalifoniya ba sa duba SAT ko ACT wajen ɗauka tun 2021, ko yaro ya ci 1600 babu wanda zai lissafa masa. Austin ta dawo da wajabta jarrabawar ga masu shiga daga 2025. Jami'ar Florida da ta Jojiya suna wajabtawa. Mishigan ta bar wa mai nema zaɓi. Inda zaɓi ne, shawarata ita ce a miƙa idan makin ya kai tsakiyar na tsangayar ko ya wuce. Kuma ɓangaren lissafi, wanda ake yi bisa 800, ya fi ɗaukar hankalin tsangayar kasuwanci. Yaro mai 780 a lissafi da 660 a karatu ya fi mai 660 a lissafi da 780 a karatu kwarjini a nan, duk da jimillarsu ɗaya ce.

Sai matsakaicin maki, abin da ake kira GPA, wanda shi ne ya fi yaudara. Akwai mara ƙari, inda A take 4, B take 3, iyakarsa 4.0. Akwai mai ƙari, inda makaranta ke ƙara maki ga darussa masu wuya irin na AP da IB, wato darussan sakandare masu zurfi, har a ga yaro da 4.6. Kowace sakandare da yadda take nata ƙarin, shi ya sa jami'o'i da yawa suke sake lissafin da kansu. Jami'ar Kalifoniya ta bayyana nata a fili: darussan aji 10 da 11 kawai take ɗauka, wato shekara ta biyu da ta uku cikin huɗun sakandaren Amurka, cikin jerin da ta amince da su, ta ƙara maki ɗaya ga kowane darasi mai wuya, amma ƙarin ba ya wuce takwas a lissafin da aka fi ambata. A ce yarinya tana da sakamako 24 na zango-zango a shekarun biyu, A goma sha takwas, B shida. Sha takwas sau huɗu 72, shida sau uku 18, jimilla 90, a raba da 24, ya ba da 3.75. Idan ta cika ƙarin takwas, 98 a raba da 24, ya zama 4.08. Wannan 4.08 za ta kwatanta da na Berkeley, ba 4.5 da ke kan takardar makarantarta ba. Ga baƙo kuma, darussan AP da IB kawai ake yi wa ƙarin, kuma mafi ƙarancin makin da zai ba shi damar nema 3.4 ne, ɗan jiha kuwa 3.0. Waɗannan na cancantar nema ne kawai, ba su kusa da abin da ake ɗauka da shi a Berkeley ba.

Bayan lambar, ana duba abin da ke cikinta. Wanda ya tsaya a aljebra ya ci A bai kai wanda ya yi kalkulas ya ci B ba a idon mai tantancewa, muddin makarantarsu tana koyar da kalkulas ɗin. B guda a lissafin aji 11 ya fi B uku a aji 9 illa.

Kelley ta Indiyana ta shekara da shekaru tana da ƙa'ida a rubuce: matsakaicin maki 3.8, da 1370 a SAT ko 30 a ACT, a nema kafin 1 ga Nuwamba, gurbi ya tabbata. Daga baya makarantar ta sauya tsarin zuwa duba takardun mutum gaba ɗaya, amma har yau za ka ji ana ba yara tsohuwar ƙa'idar kamar tana nan. Duk wani adadi da ya girmi shekara biyu a yi taka-tsantsan da shi, na kafin 2020 kuwa a ajiye shi gefe, domin dakatar da wajabcin jarrabawa a lokacin annobar korona ya sa masu nema sun ƙaru ƙwarai. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗauka shi ma ya sauya lissafi a wasu jihohi, ko da yake Kalifoniya ta hana hakan tun 1996, Mishigan kuma tun 2006.

Akwai ɓangaren da ba ya shiga kalkuleta. Kalifoniya tana ba da tambayoyi takwas, a zaɓi huɗu, kowace amsa kar ta wuce kalma 350. Ross ta daɗe tana neman ƙarin aiki na musamman: mai nema ya ɗauko wata matsala a unguwarsu ko makarantarsu ya nuna yadda tunanin kasuwanci zai warware ta, ya kuma kawo wani abu da ya yi da hannunsa ya faɗi abin da ya koya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗauko babbar matsala irin yunwa a duniya, a cika shafi da manyan kalmomi. Wanda ya rubuta yadda ya gano kantin makarantarsu yana asara saboda ana sayo abin da ke lalacewa kafin Juma'a, ya kawo lambobi, ya faɗi gyaran da aka yi, ya fi shi nesa ba kusa ba.

To yaya ake haɗa duk wannan ya zama adadi? Hanyar da nake ganin ta fi aminci, kuma ƙiyasi ce ba kimiyya ba, ita ce a fara da kason rukunin da yaro yake ciki: ɗan jiha ko baƙo, a tsangayar kasuwanci ba jami'a ba. Idan makinsa yana ƙasa da layin kashi 25, a raba kason biyu. Idan yana tsakiya, a bar shi yadda yake. Idan ya haura layin kashi 75 kuma darussansa masu nauyi ne, a ƙara, amma kar a wuce ninki biyu. Idan akwai ƙofa ta biyu, a ninka da kasonta. Duk inda kason farko bai kai 20 ba, babu makin da zai sa a ce gurbi ya tabbata, domin masu cikakken maki sun fi kujerun yawa. Manhajojin intanet da ake zuba wa maki su fitar da "kashi 43" ba su ga muƙalar yaron ba, da yawansu ma ba su raba ɗan jiha da baƙo.

Wasu kan ce to a nemi wurare da yawa. Lissafin yana da daɗi a takarda: wuri shida, kowane kashi 15, damar samun aƙalla ɗaya ta kai kashi 62. Amma wannan lissafin ya ɗauka cewa kowace jami'a ƙuri'a take jefawa ita kaɗai, alhali takarda ɗaya duk suke karantawa. Raunin da ya sa Ross ta ƙi, shi ne Haas za ta gani. Saboda haka ainihin damar ta yi ƙasa da 62, kuma jerin yana buƙatar wuri biyu aƙalla da ke ba da gurbin kasuwanci kai tsaye, waɗanda makin yaron ya fi ƙarfinsu, kuma aljihun iyaye zai iya ɗauka.

Maganar aljihu ba ƙarama ba ce. Baƙo a Mishigan ko Berkeley ko Bajiniya yana kashe sama da dala 70,000 a shekara idan aka haɗa da masauki da abinci, kuma tsangayoyin kasuwanci da yawa suna ɗora nasu ƙarin kuɗin a kai. Tallafin gwamnatin tarayya da ake nema ta fom ɗin FAFSA na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin da makamantansu, ɗalibin ƙasar waje ba ya ciki. Jami'o'in gwamnati kuma ba su cika ba baƙi tallafi mai kauri ba. Kafin a ba ɗalibin waje takardar I-20 ta neman biza, sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko.

Ranaku ma suna taɓa damar. Austin da Chapel Hill suna rufe zagayen farko a 15 ga Oktoba, wasu da yawa a 1 ga Nuwamba, Kalifoniya kuma zagaye ɗaya take yi wanda ke rufewa a ƙarshen Nuwamba. Inda guraben kai tsaye suka yi ƙaranci, mai nema a zagaye na biyu yakan tarar an raba mafi yawansu. Wanda aka sa a jerin jira ya duba C2 na shekaru uku a jere, zai ga wata shekarar an kira ɗaruruwa, wata kuma 'yan ƙalilan, don haka ya biya kuɗin riƙe gurbi a wani wurin kafin 1 ga Mayu.

Ga mazauna Kalifoniya akwai wata hanya da ake rainawa: shekara biyu a kwalejin al'umma, a haɗa awannin karatu 60 na tsarin zango biyu, sannan a nemi canjin makaranta zuwa shekara ta uku. Haas tana ɗaukar irin waɗannan ɗalibai duk shekara, kuma a lokacin makin kwalejin ake dubawa, ba na sakandare ba. Shirin TAG mai ba da tabbacin gurbi yana aiki a harabobi shida na Jami'ar Kalifoniya, amma Berkeley da Los Angeles da San Diego ba sa ciki, don haka mai son Haas sai ya shiga gasa, kuma sai ya kammala kowane kwas ɗin share fage da ta lissafa kafin ƙarshen zangon bazara na shekarar da zai koma.

Na gode da wannan fili.

Wassalam,
Wani mai ba ɗalibai shawara kan neman gurbin karatu